Daga Zangon Kumasi Zuwa Duwatsun Mubi

Ina da shekara ashirin da shida na bar Kumasi na tafi Nijeriya koyar da Turanci. A shekarun nan malaman Gana da yawa sun bi wannan hanya, domin rayuwa ta yi tsanani a gida, Nijeriya kuwa tana ta buɗe makarantu ba ta da isassun malamai. Sai dai ni ina ganin tafiyata ta bambanta da ta sauran. A zango aka haife ni, unguwar Hausawa ta Kumasi. Kakana fataucin goro ne ya kawo shi daga ƙasar Kano, ya zauna bai koma ba, kuma har ya rasu bai yarda an yi masa Hausar titi a cikin gidansa ba. Saboda haka a raina ba baƙunta za ni ba, gida zan koma. Har na gama tsara yadda zan nemi danginmu a Kano.

Takardar da aka ba ni ba Kano ta ce ba, Jihar Gongola ta ce. A Yola wani akawu ya duba jerin makarantu, ya rubuta Mubi a ƙarƙashin sunana. Ya ce kwalejin horon malamai ce, tun bara suke neman malamin Turanci. Na tambaye shi ina ne Mubi. Ya nuna arewa da bironsa, ya ce, "Ka shiga mota kawai. In ka ga duwatsu sun kewaye ka, ka iso."

Ƙarshen damina ne. Muka bi ta Song, muka bi ta Gombi, muka wuce Hong, dawa ta yi tsayi a gefen hanya har tana rufe bukkoki. Ni ɗan kurmi ne, inda na tashi itatuwa ba sa barin ido ya yi nisa. A wannan hanya na fara ganin ruwan sama yana zuba a kan wani dutse can nesa, mu kuma muna cikin rana tsaf. Na yi ta kallo har wuyana ya ƙage.

Da la'asar muka shiga tashar Mubi. Na sauke akwatina na tsaya ina sauraro, ina jiran in ji Hausar kakana. Fulatanci na ji ta ko'ina, da wasu harsunan da ban taɓa sanin akwai su ba. Can wata mai sayar da kunun gyaɗa ta ce da wani, "Matar nan ya tafi tun ɗazu, bai dawo ba." Na yi dariya ni kaɗai. Wannan ita ce Hausar titin zangonmu, wadda kakana ya yi shekaru yana cire mana daga baki. Na sayi kunun, na sha a tsaye. Ban taɓa shan irinsa ba, da kauri da ɗan tsami, kuma har yau in na ji ƙanshin gyaɗa a kan wuta tashar nan nake tunawa.

Shugaban kwalejin ya karɓe ni hannu biyu. Ya ce gidajen malamai sun cika, amma akwai ɗaki a gidan malamin aikin gona, in ba zan damu da zama da gwauro ba. Haka na haɗu da mutumin da ya zama abokina a duk zamana na Mubi. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, Kirista daga wani ƙauye a duwatsun Michika. Ranar farko na tambaye shi ko shi Bahige ne, don haka na ji ana kiran mutanen wajen a cikin mota. Ya ajiye cokalinsa ya ce, "Haka baƙi suke ce mana. Mu Kamwe muke kiran kanmu. Tunda gida ɗaya za mu zauna, gara ka fara da daidai." Daga nan ya ci gaba da cin abincinsa, maganar ba ta sake tashi ba.

Ajin da aka fi ɗora mini shi ne na malaman firamare da aka turo su ƙaro karatu na shekara biyu. Da na shiga na tarar kusan rabinsu sun girme ni. Akwai masu mata da 'ya'ya, akwai wanda ya yi soja. Suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe ni, na ji kunya ta kama ni. Don in ɓoye ta sai na ɗaure fuska, na sake musu Turanci irin na makarantun Gana, da sauri, ina tauna kowace kalma. Na yi ta zuba har aka kaɗa ƙararrawa. Na tambaya ko akwai mai tambaya, babu wanda ya motsa. Na fita ina ganin na burge su. Sai da yamma abokina ya gaya mini abin da suka ce a ɗakin cin abinci: sabon malamin nan muryarsa da daɗi, amma ba su san da wane yare yake magana ba.

Ba da jimawa ba na sayi keke, kuma shi ne ya buɗe mini garin. Kullum bayan la'asar sai in hau in kama wata hanya da ban bi jiya ba. Nakan gangara kogin Yadzaram in tsaya a kan gada ina kallon mata suna wanki suna shanya zannuwa a kan rairayi, masu lambu kuma suna jan ruwa zuwa fangalin albasa. Ranar kasuwar shanu nakan je ko da babu abin da zan saya. A nan na ga ana ciniki da harshe uku a kan sa ɗaya, mai shi yana Fulatanci, dillali yana Hausa, mai saye wanda ya tsallako daga Kamaru yana lissafi da Faransanci. Wata rana na yi nisa har Mayo Bani. Wani manomi ya gan ni na jingina keke ina haki, ya sare mini rake ya miƙo, ya gaya mini mayo rafi ke nan da Fulatanci. Ita ce kalmar Fulatanci ta farko da na riƙe bayan gaisuwa.

Ran Asabar kuma abokina yakan goya ni a babur ɗinsa mu tafi kasuwar Michika. Daga kasuwa mu hau zuwa ƙauyensu, inda mahaifiyarsa, wadda ba ta jin Hausa ko kaɗan, takan zaunar da ni ta yi ta ba ni labari da harshensu tana dariya, ni ma ina dariya. Ban taɓa sanin me take cewa ba. In na tambayi ɗanta sai ya ce, "Cewa take ka rame." Ban yarda duk wannan doguwar magana rama kaɗai take nufi ba.

A ajin nan nawa akwai wani mutum da kowa ke kira Baba. Zai kai shekara arba'in da biyar, da furfura a gefen kansa. A layin baya yake zama kusa da taga, littattafansa a naɗe da takardar siminti don kada su yi datti. Bai taɓa ɗaga hannu ba. In na jefa masa tambaya sai ya miƙe a hankali, ya tsaya shiru har in gaji in ce ya zauna. Na yanke masa hukunci a raina cewa irin waɗanda suka zo cika kujera ne.

A mako na shida na ba su insha'i. Na rubuta a allo cewa kowa ya ba da labarin ranar da ya je bakin teku. A makarantarmu ta Gana wannan tsohon take ne, kowane ɗalibi ya taɓa rubuta shi, ban ma yi tunani ba na ɗauko shi. Da na karɓi littattafan, yawancinsu sun ƙago wani abu, wani ma ya ce ya tsallaka tekun da ƙafa saboda rani ne. Na Baba kuwa layi ɗaya ne, da kyakkyawan rubutu: ban taɓa ganin teku ba, kuma ba na son in rubuta ƙarya.

Washegari na ɗaga littafin a gaban aji na karanta layin da ƙarfi. Na ce wannan lalaci ne aka yi masa ado. Na ce mutumin da ba zai iya cika shafi ɗaya ba, me yake koya wa 'ya'yan mutane a ƙauye? Na jira a yi dariya. Babu wanda ya yi. Tsohon sojan nan ya sunkuyar da kai yana kallon teburinsa. Baba ya taso daga layin baya, ya karɓi littafinsa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Malam," ya koma ya zauna.

Daga ranar ajin ya canza mini. Suna gaishe ni, suna kwafar abin da na rubuta, amma ko ɗan motsin da na fara samu ya ɗauke. Ran Alhamis aka ba da hutun rabin zango, ɗalibai suka watse.

Da muka zauna cin abinci abokina ya ce, "Ka san wane ne ka karanta wa littafi a gaban aji?"

Na ce ɗalibina ne.

Ya ce, "Mutum huɗu a ajin nan shi ya koya musu baƙaƙe. Makarantar da yake koyarwa a Kwaja, shi da iyayen yara suka ɗora ta da hannunsu. Shekara ashirin yana can. Yanzu an ce duk wanda ba shi da takarda, yaran da ya koyar za su zo su zama hedimastansa. Shi ya sa ka gan shi a kan benci."

Na ajiye abincin. Na ce, "To yanzu yaya zan yi?"

Ya ce, "A aji ka yi, amma ba a aji za ka gyara ba. Ran Asabar mu hau."

Hanyar Kwaja ta fi ta Michika wuya. Babur ya yi ta kuka yana hawa, sau biyu na sauka na tura. A wani wuri muka bar shi a gidan wani mutum muka ƙarasa da ƙafa. Iskar wajen da sanyi, kamar ba ƙasa ɗaya da Mubi ba. Jikin dutsen duk an yanka shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tare shi da jerin duwatsu, a kansa dawa da gyaɗa da wake. Abokina ya nuna mini wani tudu a gabas ya ce bayansa Kamaru ce.

A gona muka sami Baba yana cirar gyaɗa da matarsa, da tsohon gajeren wando, ƙafafunsa duk ƙasa. Da ya gan ni ya tsaya, ya goge hannu a jikinsa. Na ga kunya a fuskarsa, wai malaminsa ya same shi haka, sai abin ya ƙara yi mini nauyi. Na cire hulata na durƙusa kamar yadda ake gaida manya a gidanmu. Ban yi Turanci ba. Da Hausa na ce, "Baba, na zo ne in ba ka haƙuri. Abin da na yi maka rashin kunya ne, kuma rashin sani ne."

Ya kalle ni. Sannan ya ce, "Ashe kana jin Hausa haka, Malam?"

Na ce da ita aka raine ni.

Ya ce, "To me ya sa ka bar mu muna ta wahala?"

Abokina ya fashe da dariya, matar Baba ma ta taya shi. Baba ya kama hannuna ya tashe ni. Ya ce maganar ta wuce, shi ma ya taɓa yi wa yaro irin wannan a shekarunsa na farko, har yau in ya gamu da shi a kasuwa yakan tuna.

Muka wuni a can. Ya kai mu makarantarsa, ɗakuna uku na ƙasa da rufin kwano, allon siminti da aka shafe da gawayi. Duk wanda muka gamu da shi a hanya sai ya rusuna ya gaishe shi, shi kuma yana amsa wa wannan da yarensu, wancan da Fulatanci, wata mata da ta tsallako daga Kamaru da kaya a ka ya yi mata Faransanci. Mutumin da na ɗauka ba shi da baki ke nan. Da azahar ta yi ban yi maganar salla ba, don na san Baba Kirista ne. Sai ga matarsa ta shiga sashen ƙaninsa ta fito da buta da buzu. Ashe ƙanin Musulmi ne, gida ɗaya suke, rumbunansu a jere. Bayan na idar aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, muka ci a inuwar rumbu.

Muna ci na tambaye shi wa ya jera duwatsun nan na gonaki. Nan bakinsa ya buɗe. Ya ce kakanninsu ne suka fara, amma kowace shekara sai an gyara kafin ruwan farko. Ya bayyana mini yadda ake sa manya a ƙasa a karkata su ciki, yadda ake barin 'yan kafofi don ruwa ya tsiyaye ƙasa ta zauna, da yadda in jerin mutum ɗaya ya karye a sama, ruwa kan kwashe gonar na ƙasa da shi, don haka ba a barin kowa ya yi gyara shi kaɗai. Ya yi kusan rabin awa yana magana, hannunsa na nuna komai.

Na ce, "Baba, wannan da ka faɗa yanzu, za ka iya rubuta mini shi da Turanci?"

Ya ce, "Zai cika da kuskure."

Na ce kuskuren aikina ne, shi dai ya rubuta.

Da aka dawo hutu ya kawo mini shafi huɗu. Kusan kowane layi da abin gyara, amma na karanta har ƙarshe ban ajiye ba, kuma da za a ba ni duwatsu a ranar ina jin da na gwada jerawa. Na nemi izininsa kafin in karanta wa aji. Wannan karon da na gama, tsohon sojan ya ɗaga hannu ya ce a wajensu ba haka ake sa dutsen ƙasa ba. Gardama ta kaure, da Turanci mai karyayyar ƙafa, amma Turanci ne, kuma ban taɓa jin ajin da rai haka ba. A gaban kowa na ce abin da na yi wa Baba kwanan baya kuskure ne, na kuwa je har gida na faɗa masa.

Daga nan na rage gudu. In na ga abu ya tsaya musu sai in juya shi da Hausa sannan mu koma. Shugaban kwaleji ya kira ni ofis ya tuna mini doka ta hana yin yaren gida a aji. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan kiyaye." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce shi dai in zai zaga ajujuwa yakan yi tari tun daga nesa. Takardun insha'i kuma suka koma kan abin da suka sani: yadda ake ƙera fartanya, yadda ake sasanta manomi da makiyayi, ranar da kogi ya cika ya hana yara zuwa makaranta. Ni ma ta cikin littattafan nan na san ƙasar fiye da yadda keke ya nuna mini.

Baba yakan zo gidanmu sau biyu a mako bayan la'asar, mu zauna a gindin darbejiya muna bin nahawu. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne bambanta aikin da ya wuce da wanda ya wuce amma bai rabu da yanzu ba. Yakan ce Turawa sun cika son raba lokaci.

Da aka yi jarrabawar ƙarshe ya ci komai, ya faɗi Turanci. Ni na fara ganin sakamakon a ofis, na rasa yadda zan gaya masa. Da ya zo na yi ta kame-kame har ya gane. Sai ya tambaye ni ko ana sake zama. Na ce ana sakewa baɗi. Ya ce, "To, ka ajiye mini kujerata a gindin bishiya." Shi ya koma yana ba ni haƙuri. Shekarar nan duk Asabar ta biyu yakan sauko daga Kwaja da littafinsa, wani lokaci a motar kasuwa, wani lokaci da ƙafa. A zama na biyu ya ci. Bai yi wani murna mai yawa ba, ya dai riƙe takardar ya karanta ta sau biyu, ya naɗe ya sa a aljihun gaba. Kafin shekara ta zagayo aka tabbatar da shi a matsayin hedimastan makarantarsa.

Shekara huɗu na yi a Mubi. Daga baya al'amura suka juya, aka daina sabunta kwantiragin malamai baƙi, muka fara haɗa kaya ɗaya bayan ɗaya. Kekena na bar wa mai gadin kwaleji. Kano kuwa sau ɗaya na je a wani dogon hutu, na yi kwana uku ina tambaya, ban sami wanda ya san gidan kakana ba, na ga kaina ina ɗokin komawa Mubi.

Ranar tafiyata abokina ya kai ni tasha da sassafe. Muna ɗaure akwati sai ga Baba da rabin buhun gyaɗa a ka, ya ce matarsa ce ta aiko wa mahaifiyata. Direba ya ce babu wuri. Baba ya ja shi gefe ya yi masa magana da Fulatanci, ban san me ya ce ba, sai ga buhun a ƙarƙashin ƙafafuna. Haka na yi tafiyar nan gwiwoyina a ƙirji har Yola. Abokina ba mai son sallama ba ne, ya buga rufin motar sau biyu ya juya ya hau babur ɗinsa. Mun yi ta musayar wasiƙa shekaru kaɗan, daga baya suka yi ta raguwa har suka tsaya, ban san daga wajen wa ba. Ban sake komawa ba.

Gyaɗar ta iso Kumasi lafiya, duk da masu duba kaya a kan iyaka sun ɗebi rabonsu. Mahaifiyata ta soya wata, ta raba wa maƙwabta wata, ta shuka ragowar a bayan gida. Ganye ta yi ta yi, 'ya'ya kaɗan. Mahaifiyata ta ce inuwa ce ta yi mata yawa.